Inaso na haɗa wa dangi kyautar sabulu da man shafawa da hannuna, saura sati uku, ta ina zan fara?

Maman Biyu

Assalamu alaikum 'yan uwa, fatan kowa na lafiya. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar haɗa kayan wanka da na shafa. Hutun ƙarshen shekara ya matso, dangi duk za su haɗu, ni kuma bana na sa a raina ba zan je kanti na kwaso abin da kowa ke kwasowa ba, so nake na yi musu abu da hannuna ko ɗan ƙarami ne, wanda in mutum ya buɗe zai san zama aka yi aka haɗa saboda shi.

Abin da ke raina kowa na ba shi 'yar jaka, ciki da sabulun wanka guda ɗaya, ƙaramar kwalbar man shafawa na man kaɗe, haɗin sukarin nan na goge jiki, man leɓe, in da hali ma har da ƙwallon nan da ake jefawa a ruwan wanka ya dinga tafasa yana ƙamshi. Mutanen kuwa kala-kala ne, akwai mahaifiyata da fatarta ke bushewa sosai, akwai ƙannen maigidana 'yan mata, akwai matar yayana tana da juna biyu, sai yara ƙanana waɗanda nasan in ba a sa su a lissafi ba rigima za a sha.

Toh saura kamar sati uku. Shin sabulu zai yiwu a wannan lokacin? Don wani wajen na ga an ce a ranar ake yi a yi wanka da shi, wani wajen kuma an ce sai ya haura wata, na rasa wanne zan kama. Sannan na narkar da man kaɗe na haɗa da man kwakwa don gwaji, ranar farko sumul abin sha'awa, bayan kwana biyu sai ya koma tsaki-tsaki in ka shafa kana jin ƙwayoyi a hannu, me ke kawo haka? Akwai kuma wani bidiyo da na gani ana buga man kaɗe da ruwan wardi da alobera ya tashi fari tas, shi ma inaso na yi amma ba ta faɗi kwana nawa yake yi bai lalace ba. Turare kuma ɗigo nawa ake sawa? Dan Allah a taimaka mini, nagode.

Anti Mai Sabulu

Wa alaikumus salam ƙanwata, wallahi kin burge ni, Allah ya ba da iko. Amma bari na fara rage miki buri kaɗan, kala biyar cikin sati uku ga wadda hannunta bai saba ba ya yi yawa, ga hidimar gida ga yara. Ki zaɓi biyu ko uku ki yi su da kyau, wanda kika ba ba zai taɓa cewa ina sauran ba.

Maganar sabulu duka biyun da kika gani gaskiya ne, kala biyu ne aka haɗa miki a suna ɗaya. Akwai wanda ake yi daga tushe, mai da kostik soda da ruwa. Shi in kin zuba a mazubi, bayan kwana ɗaya zuwa biyu za ki cire ki yanka, amma fa aiki bai ƙare ba, sai an jera shi a inuwa inda iska ke ratsawa sati 4 zuwa 6, ruwan cikinsa ya fita, ya yi tauri, ya yi sauƙi a fata, ya daina saurin narkewa a banɗaki. Wanda aka yi da man zaitun zalla ma, wanda ake kira sabulun Kastil da sunan wani yanki na ƙasar Sifen, har wata shida ake ba shi ko fiye kafin ya yi daɗin amfani. Kinga wannan ba na bana ba ne. Wasu za su ce miki ki yi ki rubuta a jiki kar a yi amfani da shi sai ranar kaza, ni ban yarda da wannan ba sam, mutum ya samu sabulu mai ƙamshi a hannu a daren zai shiga wanka da shi, ba mai tsayawa karanta takarda.

Wanda zai fishshe ki shi ne na narkarwa, masu sayar da kayan haɗi suna kiransa bes, akwai fari akwai garai-garai mai gilisarin, akwai mai madarar akuya akwai mai man kaɗe. An riga an gama aikin sodan tun a masana'anta, ke naki ki yayyanka ƙanana ki sa a kwano ki ɗora kwanon a kan tukunyar ruwan zafi, kar ki ɗora kai tsaye a wuta kuma kar ki bari ya tafasa, digiri 60 zuwa 65 ya isa. Ya narke ki sauke, ki sa kala da ƙamshi, ki juya a hankali don kar ya yi kumfa, ki zuba a mazubin silikon, ki fesa sipirit a samansa kumfar da ta taso za ta fashe nan take. Awa kaɗan ya daskare. Abin da mutane ke mantawa shi ne naɗewa, gilisarin na jawo danshin iska, in kika bar shi a buɗe za ki tashi ki ga ya yi zufa ɗigo-ɗigo a jiki, ba lalacewa ya yi ba amma ya ɓata kwalliyar, don haka da kin cire ki naɗe da ledar nan mai mannewa ki ja ta sosai.

Kar ki cika masa mai da sunan ƙara masa kyau, ƙaramin cokali ɗaya a rabin kilo ya wadatar, in ya yi yawa kumfa zai mutu ya yi laushi. Kuma furanni, nasan yadda suke kyau a hoto, amma busasshen wardi da labanda in suka shiga cikin sabulu baƙi-baƙi suke komawa cikin 'yan kwanaki, furen kalendula ne ke riƙe kalarsa ta rawaya. Ƙamshin banila shi ma yana rina sabulu ya koma ruwan ƙasa, in fari kike so ki guje shi. Kala ki nemi garin maika, wato garin kala mai ɗan sheƙi na kayan shafa, kalar abinci tana zuba ta shiga wata kalar kuma tana dusashewa.

Yanzu man kaɗenki. Bai lalace ba, kar ki zubar. Kitsen da ke cikin man kaɗe ba iri ɗaya ba ne, wani ya fi wani saurin daskarewa, toh in kika narkar kika ajiye ya huce da kansa a hankali, mai saurin sai ya riga sauran ya taru ya yi ƙwayoyi, shi ne tsakin da kike ji. Maganinsa ki sake narkar da shi gaba ɗaya a kan ruwan zafi, ki bar shi da zafinsa kamar minti 15 zuwa 20 har ba sauran ko ƙwaya, sannan ki sanyaya shi da gaggawa a firiji. Da ya fara kamewa daga gefe tsakiya da sauran laushi ki fito da shi ki buga da miksa har ya yi fari ya kumbura. Ni haɗina giram 200 na man kaɗe, 50 na man kwakwa, 50 na mai marar nauyi irin su man almon ko hohoba, sai ƙaramin cokali ɗaya ko biyu na sitacin masara don ya rage maiƙo.

Sai dai ki sani bugaggen mai ba ya son zafi. Man kwakwa tun a digiri 24 yake narkewa, man kaɗe kuma kusa da ɗumin jikin mutum, in kwalbar ta kwana a mota ko ta sha rana iskar da kika buga ta fice, a buɗe a ga rabin kwalba. Shi ya sa ni in kyauta ce na fi son dunƙulen mai, kakin zuma kashi ɗaya, man kaɗe kashi ɗaya, man ruwa, wato mai marar daskarewa irin almon ko hohoba, kashi ɗaya, duka a kan sikeli, a narkar a zuba a mazubi mai siffa. Kakin zuma sai wajen digiri 62 zuwa 64 yake narkewa, shi ke riƙe shi. Mutum ya ɗauka ya goga a jiki ɗumin fata ya narkar da daidai buƙata. Ga Mama da fatarta ke bushewa wannan ya fi komai, musamman dunduniya da gwiwar hannu, ta shafa da ta fito wanka kafin jiki ya gama bushewa. Kuma daɗin abin, wannan haɗin in kika ƙara masa man ruwa kaɗan ya zama man leɓe, aiki ɗaya kin fitar da kyauta biyu.

Malam Na Kemistiri

Hajiya sannu da ƙoƙari. Anti ta gama magana a kan sabulu da mai, ni kan bidiyon nan na ruwan wardi da alobera zan tsaya don shi ne ya fi ɗaga mini hankali a tambayoyinki.

Ƙa'idar guda ɗaya ce, duk abin da ruwa ya shiga ƙwayoyin cuta da fumfuna za su iya rayuwa a ciki. Ruwan wardi ruwa ne, alobera kusan dukkanta ruwa ce, shayi, madara, ruwan kokwamba duk haka. Mai zalla kuwa ba sa samun abin sha a cikinsa shi ya sa haɗin da Anti ta ba ki zai yi watanni, sai dai ya tsufa ya canza wari. Amma kirim mai ruwa wanda ba a sa masa sinadarin hana lalacewa ba, ko a firiji kwanaki kaɗan ne, kuma abin tsoron shi ne yana iya cika da bakteriya alhali ido bai ga komai ba hanci bai ji komai ba, mutum ya shafa a fuska kusa da ido ko a kan ƙurji. Ke kuma kyauta za ki bayar, ba ki san wata nawa zai yi a kan madubin wata ba.

Za ki ji ana cewa a sa bitamin E ya hana lalacewa. Bitamin E yana jinkirta tsufan mai ne kawai, ba ya kashe ko ƙwayar cuta ɗaya. Zuma ma haka, ita kaɗai ba ta lalacewa don ruwanta kaɗan ne, amma da an sirka ta da ruwa ta zama abincinsu. Masu yin kirim na gaskiya abu biyu suke sawa, kakin da ke haɗa ruwa da mai don kar su rabu, da sinadarin kariya irin su fenoksi-etanol wanda a dokar Tarayyar Turai ba ya wuce kashi 1 cikin 100. Wannan karatu ne mai zaman kansa, ana koya kuma ba gagara yake ba, amma ba a sati uku ba kuma ba a jikin dangi za a fara ba. Bana ki tsaya a kan marasa ruwa. Kwalaben ma ki wanke su bushe ƙarau, ki fesa sipirit mai ƙarfin kashi 70 ki bari ya tashi kafin ki zuba komai.

Tunda na ga kina da sha'awar sabulun tushe bari na ajiye miki wannan don gaba. Ba a auna shi da kofi ko cokali, sai sikeli mai nuna giram, domin kowane mai da adadin kostik sodan da yake ci. Giram ɗaya na man zaitun yana cin kusan giram 0.135 na soda, man kwakwa 0.183, man kaɗe 0.128. Misali zaitun 300, kwakwa 150, kaɗe 50, in kin lissafa zai ba ki kusan giram 74, sai a rage kashi 5 cikin 100 don a bar ɗan mai da soda bai ci ba saboda taushin fata, ya dawo wajen 70 zuwa 71, ruwa kuma kamar ninki biyu na sodan. Akwai shafin SoapCalc da ke yin wannan lissafin kyauta, ko girkin wa kika samu ki sake bi da shi ta can, kuma in kika canza mai ɗaya da wani dole lissafi ya canza.

Soda ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda, in aka juya yana iya yin tsalle ya fallatsu. Ruwan zai ɗau zafi da kansa har kusan tafasa ya fitar da tururi mai shaƙe mutum, sai a buɗaɗɗen waje, da safar hannu da gilashin kare ido, yara kuma a nesa. Ba a yi a tukunyar alminiyam domin soda na cin ta ya fitar da iskar haidurojin mai kama wuta, sai ƙarfe marar tsatsa (stainless) ko roba mai kauri mai jure zafi. In ya taɓa fata a sakar masa ruwa mai yawa minti 15 zuwa 20, kar a tsaya neman binega, in ido ne a wanke a wuce asibiti.

Autar Gida

Slm Anti Maman Biyu, ni dai ƙwallon wanka ne fannina kar su tsorata ki lol, yafi komai sauƙi kuma yara haukacewa suke a kansa. Bekin soda kashi 2, sitirik asid (farin gari ne mai tsami) kashi 1, wato misali giram 200 da giram 100, ki ƙara sitacin masara kamar 50 da mai babban cokali ɗaya. Ki tankaɗe garin duka kar a samu gudaji, ki zuba man kina murzawa da hannu, sai ki dinga fesa sipirit kaɗan kaɗan kina juyawa da sauri har ya zama kamar jiƙaƙƙen rairayi, in kin dunƙula a hannu ya tsaya bai warware ba toh ya yi. Mazubinsa ɓari biyu ne, ki cika su har su yi tozo ki haɗa ki danna da ƙarfi, ki cire a hankali ki ajiye kwana ɗaya ko biyu ya bushe. Sirrin kawai kar ruwa ya yi yawa, don tafasar nan da kike gani asid ɗin ne da sodan ke haɗuwa in sun samu ruwa su saki iskar kabon, in suka fara tun a kwano zai dinga kumbura yana fita daga siffarsa kuma ranar wanka ba zai yi wani tashi ba. Ranar da iska ke da danshi ma kar ki yi, ki jira busasshiyar rana, ya bushe ki naɗe shi ruf. Wata mata ce fa ta ƙirƙiro shi a Ingila a 1989, Mo Constantine, tana cikin waɗanda suka kafa kamfanin kayan wanka na Lush, kinga abin daga hannun mace ya fito.

Amma ki duba ko masu karɓa suna da bahon kwanciya, in babu ki yi ƙanana ki ce na jiƙa ƙafa ne a roba, wallahi iyaye sun fi jin daɗin wannan ma. Ki gaya musu mai na sa ƙasan baho santsi.

Haɗin sukari kuma sukari kashi 2 mai kashi 1 shikenan, mai laushin ƙwaya yafi, gishiri yana zafi in mutum yana da yanka ko ya yi aski. Ni ina matsa lemon tsami a nawa, kuma in kinaso 'yan matan nan su dinga kiranki suna neman ƙari ki samo ɗan man nan na ƙara haske da ake sayarwa a ƙananan kwalabe ki ɗiga a man shafawar, sati biyu za su ga canji.

Wajen ado kuma kar ki kashe kuɗi, takardar ruwan ƙasa da zaren igiya sun isa, in kin iya saƙa ki saƙa ɗan tsumman wanka da zaren auduga ki naɗe sabulun a ciki, ko ki ɗinka 'yan jakunkuna da ragowar yadi.

Sista Mai Jinya

Auta ƙanwata bayanin ƙwallonki ya yi kyau, amma abu biyu na ƙarshen nan dan girman Allah a bar su, kuma Maman Biyu kar ki ɗauka.

Lemon tsami na farko ruwa ne, kin ji abin da Malam ya ce, zai sa haɗin ya yi fumfuna. Na biyu tsaminsa ya fi ƙarfin fata nesa ba kusa ba, shi yana wajen 2 a ma'aunin tsami ita fata tana wajen 5. Na uku akwai sinadari a cikinsa, musamman a ɓawon, wanda in ya zauna a fata rana ta buga yana ƙona wajen har ya yi bororo ya bar baƙin tabo na watanni. Muna ganin masu zuwa da shi.

Man ƙara haske kuwa, kwalbar da ba a rubuta abin da ke ciki ba ba ki san me kike ɗigawa ba. Abin da aka sha samu a irinsu uku ne. Sitiroyid, wato maganin kumburi, mai ƙarfi irin kulobetasol, wanda ke sirantar da fata ya kawo nankarwa da ƙuraje, ciwo ya ƙi warkewa. Haidurokwinon, sinadarin bilicin, wanda in an daɗe ana shafawa yake juyewa ya bar baƙi mai shuɗi-shuɗi da ke wuyar fita. Sai makuri, wato zaiba, mai taɓa ƙoda da jijiyoyi kuma yana ratsawa ya kai ga ɗan da ke ciki, shi ya sa yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Minamata ta 2013 ta sa kayan shafa masu makuri cikin abubuwan da ƙasashe za su kawar. Canjin sati biyun da kike faɗa shi ne ma alamar akwai matsala. Kuma a ce mutum ya karɓi kyauta daga hannun 'yar uwarsa da yarda, an sa masa abin da zai canza masa fata bai sani ba bai nema ba, wannan ba daidai ba ne ko da abin ba ya cutarwa, balle ga mai juna biyu a cikinsu.

Maman Biyu, maganar turare da kika tambaya ba wanda ya amsa. A daina lissafi da ɗigo in da sikeli, kashi 1 cikin 100 ya isa a abin da zai zauna a jiki, wato giram 1 a giram 100 na haɗi, wanda ya kama kusan ɗigo 20. Kar ya wuce kashi 2. A sabulu da ake wankewa za a iya kaiwa wajen kashi 3. Kuma man ƙamshin tsirrai kar ki ce ai na halitta ne ba ya komai, yana da ƙarfi sosai. Na kirfa da na kanumfari suna ƙona fata da ɗan kaɗan, gara ki bar su gaba ɗaya duk da nasan ƙamshinsu ya dace da lokacin sanyi. Na bagamot da lemon tsami da aka matso daga ɓawo suna da matsalar rana ɗin nan da na faɗa. Na na'a-na'a da yukaliftus ba a kai su kusa da fuskar jarirai da ƙananan yara don suna iya taɓa numfashi. Turaren fesawa na jiki shi ma ba a zuba shi a haɗi, ki nemi wanda aka rubuta na kayan shafa ne. A man leɓe sai wanda aka yi don leɓe, ko ki bar shi haka, kakin zuma da kansa yana da ɗan ƙamshi mai daɗi.

Matar yayanki da yara ki yi musu marar ƙamshi kwata-kwata, mai ciki ma sau da yawa ƙamshi tayar mata da zuciya yake. Ƙwallon yara ki rage kala, ban da ƙyalƙyali, kuma a gaya musu ba alewa ba ne, kar ki yi shi da siffar abin ci.

Sai takarda. Kowace kwalba ki manna mata sunan abin, duk abin da ke ciki, da ranar da kika haɗa. Akwai masu alajin almon da sauran 'ya'yan itace masu ɓawo, akwai wanda kakin zuma ke sa wa ƙaiƙayi a leɓe, in ya karanta ya kiyaye, in ma wani abu ya faru likita zai san me aka shafa. Ki rubuta a fara gwadawa a cikin hannu a jira kwana ɗaya zuwa biyu. Haɗin sukari kuma ki haɗa da ɗan cokali ki rubuta kar a sa jiƙaƙƙen hannu a ciki, ki zuba a ƙananan robobi waɗanda za su ƙare da wuri, roba ba gilashi ba tunda banɗaki za shi.

Maman Biyu

Kai jama'a Allah ya saka da alkhairi, wallahi na ƙaru ba kaɗan ba. Na tsayar da shawara, sabulun narkarwa da dunƙulen mai da man leɓe ga manya, yara kuma ƙananan ƙwallo marasa ƙamshi tunda Auta ta ce da sauƙi, Auta zan neme ki in ya ƙi tsayawa. Kirim mai ruwa da sabulun soda sai bayan hutu in na natsu, Malam na kwafe lissafin nan na ajiye. Sista marar ƙamshin nan har Mama zan yi wa.

Anti saura abu ɗaya, wanne zan fara yi wanne zan bari sai ƙarshe? Kuma tukwanen girkina zan iya amfani da su ko sai na sayi daban? Sannan maza fa, yayana da maigida, me zan ba su don kar su ce an ware su?

Anti Mai Sabulu

Satin nan ki tara kaya ki yi gwaji ƙarami na kowanne, sabulu ɗaya, dunƙule ɗaya, ki yi amfani da su da kanki ki gani. In dunƙulen ya yi tauri ba ya sakin mai ki ƙara man ruwa, in yana narkewa a hannu tun kafin ki shafa ki ƙara kaki, kuma duk abin da kika canza ki rubuta giram ɗinsa a littafi don in ya yi daɗi ki iya maimaitawa. Sati na biyu ki yi dunƙule da man leɓe gaba ɗaya, su ba abin da zai same su in suna waje mai sanyi. Sabulu ya biyo baya ki naɗe. Ƙwallo shi ne na ƙarshe, kwana huɗu ko biyar kafin ranar, don ƙarfin tashinsa raguwa yake in ya daɗe.

Tukwane tunda ba kostik soda za ki taɓa ba babu haɗari, amma kaki yana da wuyar fita kuma ƙamshi yana kama roba da cokalin katako, gara ki ware kwano ɗaya na silba da cokali ɗaya. In kin gama ki goge kakin da takarda tun da zafinsa kafin ki wanke, kar ki zuba shi a magudana zai daskare ya toshe miki. Ranar da kika fara na soda kuwa kayansa daban har abada.

Maza kin samu mafi sauƙi, man gemu. Man hohoba ko na almon a 'yar kwalba mai ɗigo, ƙamshin sandal ko na itacen sida (cedar) kashi 1 kamar yadda Sista ta faɗa, ko narkarwa babu. Wanda ba shi da gemu ki ba shi dunƙulen nan ki ce na hannu da ƙafa ne, sai sabulu da kika sa wa ɗan garin gawayin kayan shafa ya fito baƙi, rabin ƙaramin cokali a rabin kilo don kar ya ɓata tawul. Ki fara neman kakin zuma da ƙananan gwangwanaye tun yau, su ne ke ƙarewa a hannun masu sayarwa in hutu ya matso.